Yadda Haladu Ya Raba Dashe Sittin

Ku matso. Ke Ummita, kashe fitilar wayar nan, ba tsintar shinkafa za mu yi ba. Kai kuma Nafi'u, daina wannan dariyar, na san ka. Kai ne za ka fara neman wanda za ka riƙe.

Wannan ba tatsuniya ba ce, kada wani ya ce min ta zo mu ji ta. Mutumin da abin ya faru da shi, ni na ɗauko shi daga Kurmi a motata. A gaba ya zauna, kusa da ni. Da bakinsa ya faɗa min. Ƙarshen kuma da idona na gani.

Sunansa Haladu. Ba ku san shi ba, mutumin ƙauyenmu ne, can bakin dam. Tare muka tashi. Ni na bi mota, shi ya bi lambu. Hannun Haladu kuwa, ko muciya ya kafa a ƙasa sai ta yi toho. Yana da mata, Lantana, da 'ya guda ɗaya, Hansai. Uku suka haifa kafin ita, duk sun koma. Ita kaɗai Allah ya bar musu, shekararta shida a lokacin. In kana son ganin Haladu yana washe baki kamar wawa, ka ce masa Hansai ta yi wayo.

Shekarar da tsutsa ta cinye tumatir, lambunsa ya ƙone ƙurmus cikin kwana huɗu. Sai ga wani mutum a tasha, wai ana neman mai kula da furanni a gidan wani babba a Kurmi. Na ce masa, "Haladu, mai furanni ba ya tahowa tun daga can har nan neman mai ban ruwa." Bai ji ba. Ban ga laifinsa ba, gidan ko tsaba babu.

Gidan da aka kai shi bene ne da ba a gama ba, a ƙarshen gari, inda gine-gine suka fara cin daji. Doguwar katanga. Ƙofar ƙarfe. Yana shiga aka karɓi wayarsa, wai za a sa masa caji. Bai sake ganinta ba.

Aka hau da shi sama, aka buɗe wani ɗaki. Tagogin duk an toshe su da bulo. Ƙwayayen lantarki reras a sama, fanka biyu suna kaɗawa. A ƙasa shuka ce kore shar. Haladu ko sigari bai taɓa sawa a baki ba, amma manomi ne. Kallo ɗaya ya yi wa ganyen. Wiwi ce.

Ya juya ga mai gidan, wanda kowa yake kira Manaja. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ni furanni aka ce min."

Manaja ya yi murmushi. "Ai tana fure."

Shi ke nan, aka ja ƙofar ƙarfe aka sa kwaɗo. Mutum ɗaya Haladu yake gani kullum, mai gadi, wani ƙato Bahaushe da ake kira Jatau. Shi yake riƙe da makulli, shi yake kawo abinci. Ba mugu ba ne, amma ba ya hira.

Yanzu ku saurara, don nan ne abin yake. A gidan nan an juya dare da rana. Da yamma, lokacin da kowa a unguwa yake tayar da janareta, su ma sai su tayar, ba mai zargin komai. Fitilun ɗakin su yi ta ci har hantsi. Da hantsi a kashe. Daga nan zuwa la'asar, ɗakin duhu ne dunɗum, ko tafin hannunka ba ka gani. Dokar Manaja ita ce, a wannan lokacin ba mai shiga, ba mai ƙyasta ko ashana. Duniya tana rana, ɗakin yana dare.

A bakin ƙofar ɗakin akwai wasu silifas shuɗaye, ɗaya an ɗaure igiyarsa da waya. Sun yi ƙura. Haladu ya taɓa tambaya na wane ne.

Jatau ya ce, "Ci abincinka."

Wata biyar yana gidan. A kusurwar ɗakin akwai manyan shuka biyu da ake kira uwaye. Wata rana Manaja ya zo da reza, ya yanki ƙananan rassa sittin a jikinsu, ya kafa kowane a kofin roba. Kowane kofi ya manna masa salatif, ya yi rubutu da biro. Ya ce wa Haladu, "Ka raine su. Ranar da mai saye ya zo ya ɗauka, a ranar zan sa ka a mota ka tafi gida."

Gida. Haladu ya ce min daga ranar ko barcin kirki ya daina, yana rainon dashen nan kamar jinjirai. Suka kama. Suka yi saiwa. Saiwar ta cika kofunan har tana leƙowa ta ƙasa, ganyen ya fara yin rawaya. To duk wanda ya tashi a lambu ya san abin yi, ba sai ya tambayi kowa ba. Ya samo baƙaƙen ledojin dashe, ya cika da ƙasa, ya mayar da su ciki ɗaya bayan ɗaya. Gajeru ya matso da su ƙarƙashin fitila, dogaye ya kai su gefe. Kofunan kuma ya zuba a bokiti ya jiƙa, don Haladu ba ya son ƙazanta.

Kada ku ce wawa ne. A lambunmu kowane iri da fangalinsa, ba wanda yake rubuta wa shuka suna. Shi bai yi boko ba. Ya ɗauka rubutun nan ƙidaya ce kawai irin ta masu kuɗi. Kuma ba wanda ya taɓa gaya masa cewa uwayen nan biyu ba iri ɗaya ba ne.

Ranar Laraba da asuba Jatau ya shigo da kwanon abinci. Ya tsaya. Ya dubi ledojin.

"Ina kofunan?"

"Ga su can na jiƙa. Sun yi musu kaɗan."

Jatau ya leƙa bokitin. Salatif ɗin duk sun ɓare suna yawo a kan ruwa. Ya ajiye kwanon a hankali.

"Innalillahi. Malam, ka kashe kanka."

Sannan ya yi masa bayani. Uwa ɗaya 'yar gida ce, irin wadda ake samu ko'ina. Ɗayar daga ƙasar waje aka shigo da irinta, Baƙuwa suke ce mata. Talatin na wannan, talatin na waccan. Mai sayen na Baƙuwa kawai yake so.

Haladu ya ce, "To a raba su biyu mana. Wa zai sani?"

"Da mutuminsa yake zuwa. Shi ya kawo irin. Murza ganye yake yi ya sansana." Jatau ya nuna ƙofa da haɓa. "Mai silifas ɗin can, guda biyar kawai ya haɗa."

"Ina yake?"

"Ni na haƙa ramin."

Haladu ya zauna a kan siminti.

"Yaushe za su zo?"

"Yau. Da la'asar, da an kunna wuta."

Ya kama ƙafar wandon Jatau. "Don girman Allah ka buɗe min ƙofa. Ina da 'ya."

"Ni ma ina da su, uku. Kuma sun san gidana." Ya zare ƙafarsa ya fita.

Daga asuba zuwa hantsi ba abin da Haladu bai yi ba. Ya ƙirga yatsun ganye. Ya duba launin kara. Ya ɗauki leda ya kai jikin uwa ta farko, ya kai jikin ta biyu. Ƙananan nan duk kamarsu ɗaya, kore ne kawai da ganye mai zartsi. Ya murza ya sansana. Ta farko kamar lemo. Ta biyu kamar lemo. Kafin ta goma hancinsa ya mutu, ba ya jin komai sai warin hannunsa. Ya jera su layi biyu, ya tsaya ya kalla, ya san ƙarya yake yi wa kansa. Ya wargaza. Ya sake.

Yana cikin haka janareta ta yi shiru. Hantsi ya yi.

Ya lalubo ƙofa ya fito, ya zauna a baranda kusa da silifas ɗin nan. Ya ce min, "Mamuda, ba mutuwar ce ta fi damuna ba. Ramin ne. A ce yarinyar nan ta yi ta jira, ba wanda zai taɓa gaya mata inda nake." Ya yi kuka, ya ce, irin wanda bai yi ba ko ranar da aka binne uwarsa.

Sai wani tunani ya zo masa. Ido ya gaza. To ai makaho ya fi mai ido jin ƙanshi. Wataƙila a cikin duhu hancin zai farfaɗo.

Ya tashi. Rana ta take tsaka. Kun san lokacin, lokacin da kakarku take hana ku zama gindin bishiya. Ya tura ƙofar. Bai yi sallama ba. Ko bismillah bai yi ba, hankalinsa ba ya jikinsa. Ya shiga ya mayar da ƙofa, ya sa sakata.

Duhu. Zafi. Fanka a tsaye.

Ya durƙusa, yana rarrafe yana lalube. Ya ɗauki leda ɗaya ya kai hanci. Ya ɗauki wata. Ya haɗa su wuri ɗaya.

Ganye ya motsa a bayansa. Ba iska a ɗakin.

Ya tsaya cak. Shiru. Ya miƙa hannu zai ɗauki ta uku.

"Wannan ba 'yar'uwar waccan ba ce."

Muryar tsohuwa ce, a hankali, Hausa tsantsa. Daga damansa ta fito, ƙasa-ƙasa, kamar mai maganar tana zaune.

Ya ce, "Wa ke nan?"

"Ka raba su."

Wannan karon daga hagu. Bai ji taku ba. Kuma ya lura da wani abu. Mutum in yana magana, kana jin yana jan numfashi. Ita ba ta ja.

Ya ja da baya yana laluben hanyar ƙofa. Hannunsa ya sauka a kan wani abu mai sanyi, mai danshi. Ƙafa ce. Ya ji dunduniya, ya ji yatsu. Bai yi niyyar ƙirgawa ba, hannun ne ya bi su da kansa. Biyar. Shida. Bakwai. Dogaye, sirara, kowane ya rabu biyu, ya sake rabuwa. Ƙarshensu ya nutse cikin siminti.

Ummita, sakar min hannu, kin ji min ciwo.

Ya janye hannunsa a hankali. Ya so ya yi addu'a, harshen ya yi nauyi. Da ƙyar ya ce, "Iya, ki yi min rai."

"Ban zo don kai ba. Nan gidana ne. Kai ne ka shigo ba sallama."

"Na tuba, Iya."

"Kafin bulo akwai bishiya a nan. Tun ba a haifi kakan kakanka ba nake cikinta. Wani ya zo ya nuna ta da yatsa. Aka sa mata zarto. Yana tsaye yana cin gyaɗa har ta faɗi. Yarana biyu suna ciki."

Gumi yana ɗiga daga haɓar Haladu.

"Da aka kawo waɗannan sai na raɓe a cikinsu. Ba gida ba ne, amma ya fi babu. Kowace na san uwarta."

Kun ji abin da tsananin wuya yake sa mutum. Wanda yanzu yake neman ƙofa, sai ga shi ya juyo ya kifa goshi a ƙasa.

"Iya, ki taimake ni. Ki raba min su. In la'asar ta yi kashe ni za su yi."

"Ni ma taimako nake nema."

"Me nake da shi?"

"Mai yatsan nan yana shigowa ɗakin nan. Na sha tsayawa a bayan masu shigowa. Ban san wanne ne shi ba. Ku mutane duk ɗaya kuke a wurina, yadda waɗannan suke a wurinka."

Haladu ya yi sauri. "Manaja ne! Shi ya gina gidan. In ya zo zan nuna miki shi."

"Yatsan mutum ne ya nuna gidana. Ba na bin yatsa. Na gan shi ranar, ganin yana nan. Ganewar ce babu. Kai kana da ita. Ka ba ni taka, in ba ka tawa."

"Idona kike so?"

"Idonka naka ne. Za ka ga hanci, ka ga baki, ka ji murya. Amma ba za ka san na wane ne ba."

"Aro?"

"Mu ba ma aro."

"Har matata?"

"Har ita."

"Har 'yata?"

Ta ce, "Ba na iya cire ɗaya in bar ɗaya."

Ya roƙe ta. Ya ce ta ɗauki hannunsa na hagu. Ya ce ta ɗauki ƙafa. Ya ce ta ɗauki shekara goma cikin kwanansa.

Ta ce, "Me zan yi da ƙafa?"

Can nesa aka kira azahar. Muryar ta ɗauke ɗif har ladan ya gama. Haladu ya ce a ransa ta tafi, ya koma kan ledojin kamar mahaukaci, yana murza yana sansana, har da taunawa. Ba komai. Ganye ne kawai. Bai san iya lokacin da ya ɗauka ba. Sai ya ji ƙarar jarka daga ƙasa, Jatau yana ɗura wa janareta mai. La'asar ta kusa.

"Ina nan," in ji ta, dab da kunnensa.

Ya ce min, "Mamuda, sai na yi tunani. In na mutu, ba ta da uba. In na rayu, ko ni ban gane ta ba, ai ita za ta gane ni."

Ya ce, "Iya, ki ba ni minti ɗaya."

Ya rufe ido, a cikin duhun da ba a ganin komai. Ya kawo fuskar Hansai a ransa. Ya kalle ta sosai, tun daga goshi har haɓa. Ya sake kallo.

"Na yarda."

Wani abu mai sanyi ya taɓa tsakanin girarsa, kamar jiƙaƙƙen ganye. Ba zafi. Fuskar da yake kallo ba ta ɓace ba. Tana nan. Sai dai ta koma fuskar wata yarinya, irin wadda za ka wuce a bakin rijiya.

Ya miƙa hannu ya taɓa leda ta farko. Ya sani. Ba ƙanshi ba ne, ba gani ba ne, sani ne kawai, yadda harshenka ba ya tambaya tsakanin gishiri da sukari. Baƙuwa, dama. Ta biyu, 'yar gida, hagu. Yana yi yana hawaye. Kafin janareta ta tashi ya gama sittin.

Fitilu suka kawo. Ba kowa a ɗakin sai shi.

Ya zare sakata. Ya ji mota ta tsaya, ya ji takun mutane a kan matakala. Mutum huɗu suka shigo. Ya dube su. Kowa da idonsa biyu, da hancinsa, da bakinsa. Bai san wane ne Manaja ba. Jatau da ya yi wata biyar yana kawo masa abinci, bai san ko yana cikinsu ba. Ya sunkuyar da kai.

Ɗaya ya ce, "Ina kofunan?"

Ya amsa wa ƙasa. "Ranka ya daɗe, sun yi musu kaɗan. Ga na Baƙuwa a dama."

Wani ya tsuguna. Ya murza ganye ya kai hanci. Ya matsa gaba. Ɗaya bayan ɗaya, har talatin, bai tsallake ko guda ba. Ya koma hagu ya taɓa biyar ko shida. Ya miƙe ya kaɗe hannu.

"Daidai ne."

Wani ya fashe da dariya, ya dafa kafaɗar Haladu. "Ban gaya muku ba? Ba takarda, ba komai."

Haladu ya ce, "Ranka ya daɗe, maganar gida fa?"

"Wane gida? Mai hannu irin naka? Ai ni da kai mutu ka raba."

Haladu ya ce a nan ne ya ji komai ya zube. Ya ba da abin da ya bayar, kuma a banza.

Sai ya lura da ganyen. Fanka tana kaɗa su zuwa bango. Amma suka fara juyowa. A hankali, duka sittin ɗin, har da uwayen biyu. Suka fuskanci mutumin da hannunsa yake kan kafaɗar Haladu.

Daga ƙasa, kusa da ƙafar mutumin, muryar ta ce, "Au. Ashe kai ne."

Janareta ta yi tari sau biyu ta mutu.

Bai ji ihu ba. Ya ce da ihu ya ji da ya fi sauƙi. Hannun da yake kafaɗarsa ne ya damƙe shi, sannan aka fizge shi ƙasa. Sai wata ƙara, irin wadda ƙasa take yi in ana tuge rogo. Sauran mutanen suna karo da juna suna neman ƙofa. Haladu ya fi su sanin ɗakin a duhu. Ya fita, ya gangara matakala ba takalmi. A bakin ƙofar ƙarfe ya tarar da wani yana fama da kwaɗo. Ƙofa ta buɗe, ɗaya ya yi gabas ɗaya ya yi yamma. Har yau bai san ko Jatau ne ba.

Kwana biyu yana tafiya yana tambaya, har ya kai kasuwar 'yan gwari inda motocin Arewa suke sauke kaya. Ni kuma ranar na sauke albasa. Na hango shi zaune a kan kwando, ya rame, ƙafa duk ta fashe. Na ƙwala masa kira, "Haladu!"

Ya ɗago ya kalle ni kamar yana kallon turken wuta.

"Bawan Allah, ka san ni ne?"

Wallahi raina ya ɓaci. Na ce, "Kai, wata biyar a Kurmi har ka zama babban mutum? Ni ne Mamuda. Wanda kuka faɗa dam tare a kan jakin Baffa Ilu."

Ya kama rigata da hannu biyu. Bai sake ta ba har muka shiga mota.

A hanya ya ba ni labarin nan duka. Da farko na ce wahala ce ta taɓa masa kai. Amma duk inda muka tsaya, in na sauka na yi alwala na dawo, sai ya ce, "Kai ne?" A wani gari muka tsaya kusa da mai sayar da dashen mangwaro. Haladu ya shafa su yana wucewa, ya ce wa mutumin, "Waɗannan ukun uwarsu ɗaya, wannan kuwa daga bishiyar bakin ruwa ka yanko ta." Mutumin ya bar kayansa ya ja da baya. Daga nan na daina musu.

Mun isa ƙauye bayan la'asar, daidai an tashi yara daga Islamiyya. Motar kaya ba ta cika shiga can ba, sai yara suka yo kanmu a guje. Haladu tun kafin in ja birki ya buɗe ƙofa. Ya diro. 'Yan mata biyar ne a gaba. Ya durƙusa ya buɗe hannu.

Wadda ta fara isowa ya rungume. Ya ƙanƙame ta yana kuka, yana cewa, "Hansai, Hansai, na dawo."

Dije ce, 'yar maƙwabcinsa. Mota kawai ta zo kallo.

Hansai tana tsaye taku ɗaya daga gare shi. Ita ma hannunta a buɗe. Ta jira. Ta ga bai saki Dije ba.

Ta ce, "Baba, ga ni nan fa."

Ya ɗago kai. Ya dubi yaran nan ɗaya bayan ɗaya, ya kai ƙarshe, ya dawo. Idonsa ya wuce ta kanta sau biyu. Ya waiwayo wajen maza yana nemana, ni ma bai same ni ba. Sai ya ce, ba da kowa ba, murya ƙasa-ƙasa:

"Don Allah wani ya nuna min ita."

Ni da nake ganin ba abin da zai sa ni kuka a gaban mutane, ranar bayan mota na zagaya.

Yana nan da ransa. Lambunsa ya fi na kowa a bakin dam. Hansai yanzu shekararta goma sha biyu. Duk sanda za ta shiga inda yake, ko ruwa za ta kai masa, sai ta tsaya ta ce, "Baba, ni ce Hansai." Shi kuma ya ce, "To, 'yata," ya yarda da ita, don ba shi da yadda zai yi.

Saboda haka ku ji ni da kyau. Duk ɗakin da kuka ga an rufe shi da duhu rana tsaka, kada wanda ya shiga shi kaɗai, kuma kada ya shiga ba sallama. In kuwa wuya ta kai ku bango, kuka ji wani yana tayin taimako alhali ba ta ƙofa ya shigo ba, kada ku tsaya tambayarsa abin da yake so.